Sankarar ƙwaƙwalwa: sadakarmu na biyan magani, ba ta horar da likita

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID a watan Janairun 2025, sannan a Fabrairu mahukuntan Yamai suka sallami ƙungiyar agaji ta ICRC, ma'aikatan lafiya a Maraɗi suke ta lissafin abin da zai yanke: abincin yara masu tamowa, gidan sauro, maganin zazzaɓin damina. Ban ji wanda ya sa ciwon daji a lissafin ba, balle na ƙwaƙwalwa. Dama can rabonsa a kuɗin agaji bai taka kara ya karya ba, to me zai yanke? Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2020 ya ce kusan mutum 10,000 ne ke kamuwa da sankara kowace shekara a Nijar, amma sai a 2021 ƙasar ta samu cibiyarta ta farko mai na'urar gasa ƙari da haske, a Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya da Bankin Musulunci. Daga Tsibiri, kusa da Maraɗi, zuwa ƙofarta tafiyar kimanin kilomita 650 ce. Ana yawan ɗora laifin wannan giɓi a kan talauci. Ni a ganina babban laifin yana ga yadda masu bayarwa, na waje da na gida, suke zaɓen inda kuɗinsu zai faɗa.

Kada wani ya ce bincike ba ya yiwuwa a nan. Ya yiwu, kuma da kuɗin sadaka. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke da mazauni a Maraɗi, ta gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a gundumar Madarunfa, a kan jarirai sama da 3,500. Sakamakon ya fito a 2017 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ya nuna rigakafin na rage kusan kashi 67 cikin ɗari na gudawa mai tsanani irin wadda aka yi shi dominta, kuma a 2018 hukumar lafiya ta duniya ta amince da shi. 'Yan ƙasa ne suka bi gida-gida suna auna yaran, su ne suka riƙe ɗakin gwaji. A Danja, ta wajen Jiratawa, cibiyar gyaran yoyon fitsari da aka buɗe a 2012 ta tashi ne da gudummawar mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka Nijar ba. A Galmi, kan hanyar Ƙonni, asibitin mishan na horar da likitocin tiyata na tsawon shekara biyar, shi ma da kuɗin masu bayarwa.

Duba abin da ya haɗa waɗannan ayyuka. Kowannensu ana iya ƙidaya amfaninsa kafin shekara ta zagayo: yara kaza sun sha rigakafi, mata kaza sun warke sun koma ɗakinsu. Ƙungiyar agaji na rayuwa ne da rahoton da take kai wa masu ba ta kuɗi, rahoton kuwa adadi yake so da hoton wanda ya warke. Sankarar ƙwaƙwalwa ba ta ba da ko ɗaya. Mafi muninta, wadda likitoci ke kira giliyobilastoma, ko a Turai an yi tiyata, an gasa, an sha magani, rabin masu ita ba sa wuce wata 15. Binciken 2005 da ya kawo maganin temozolomide, wanda har yau shi ake bi, ya ɗaga wannan matsakaici ne daga wata 12 zuwa wata 14 da rabi. Wace ƙungiya ce za ta nemi kuɗi da irin wannan labari?

Ko a ƙasashen masu hali, sai ciwon ya taɓa babban gida ake jin motsin kuɗi. A Ingila, rasuwar tsohuwar minista Tessa Jowell a 2018 ce ta sa gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 40 don binciken ƙarin ƙwaƙwalwa, ƙungiyar agaji ta Cancer Research UK kuma ta ware miliyan 25. Shekara biyar bayan haka, rahoton 'yan majalisa ya gano abin da gwamnatin ta fitar bai wuce miliyan 15 ba. Hujjar jami'ai ita ce ba su samu isassun buƙatun bincike masu inganci ba. Wato kuɗi ya zo, masu juya shi suka yi kaɗan. Gidauniyar da aka kafa da sunan marigayiyar ta gane haka, ta sa ƙarfi wajen ɗaukar nauyin horar da matasan likitoci a wannan fanni. Idan Ingila da jami'o'inta ta yi ƙarancin mutane, ina ga Maraɗi?

Nan ne zancen ya dawo gida, kuma nan ne ya fi damuna. Mutumin Maraɗi ba marowaci ba ne. Alhazan garin nan sun gina masallatai da makarantun islamiyya, sun haƙa rijiyoyi, suna ciyar da unguwa guda da azumi, suna biya wa mutane kujerar Makka. Idan aka sa hoton yaro mai kumburin kai a WhatsApp da takardar maganinsa, kafin dare an haɗa jikkuna. Amma dukan wannan alheri hanya biyu yake bi: ko gini da ido ke gani, ko ceton mutum guda da ya riga ya kwanta. Kuɗin da aka haɗa wa yaron yakan ƙare a mota, masauki, hoton kai da allurai, a Yamai ko Kano ko Sakkwato. Iyalin da suka biyo baya sai su sake tashi daga farko, kamar mai ɗiban ruwa a kwando. Da aka rufe iyakar Nijeriya daga 2023 zuwa Maris na 2024, ita kanta wannan hanyar ta Ɗan Isa da Jibiya sai da ta toshe, aka ga iyakar dogaro da asibitin maƙwabta.

Abin da wannan ɗabi'a ta haifar yana farawa tun daga ƙauye. Ƙari a ƙwaƙwalwa ba ya fitowa a gani. Yana zuwa da ciwon kai da amai da asuba, da faɗuwa irin ta farfaɗiya ga babban da bai taɓa yi ba, da dushewar ido, da sauyin hali. A ƙasar Gobir, inda Inna da 'yan borinta ke da tsohon matsayi, da kuma gidajen da ruƙiyya ta maye gurbin girka, fassarar farko ita ce iska ko sammu. Ba na ganin laifin iyalin. Laifin yana ga cewa ma'aikacin ƙaramin asibitin da suka fara zuwa ba a koya masa ya leƙa cikin ido ya ga alamar matsi a kai ba, sai ya rubuta maganin zazzaɓi ya sallame su. Wata uku, wata shida, kafin a ambaci hoton kai an makara. Wanda ya rasu a gida kuwa ba ya shiga kowane littafi. Rajistar sankara ta ƙasa, da aka kafa a 1992, a Yamai take, kuma abin da ya iso ɗakin gwaji take ƙidayawa. Ciwon da ba a ƙidaya ba ba ya shiga kasafi, ba ya shiga takardar neman tallafi, haka zagayen ke rufewa.

Mutanen Tsibiri sun fi kowa sanin kuɗin rashin mai aunawa. Ruwan famfon da aka fara sha a 1985 ya ɗauki kusan shekara 15 yana lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, yana ɓata haƙoran wasu da dama, kafin a tsayar da shi saboda yawan sinadarin fuloraid. Gwajin da zai tona wannan ba mai tsada ba ne. Mai yin sa, da wanda zai saurare shi, su aka rasa.

Akwai masu cewa wannan duk zancen birni ne: a jihar da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da haihuwa ke kwasar rayuka kowace damina, kashe miliyoyi a kan ciwon da ba ya warkewa almubazzaranci ne. Suna da gaskiya har zuwa wani wuri, kuma ba na neman a gina ɗakin binciken giliyobilastoma a Tsibiri. Sai dai ba kowane ƙarin kai ne ke kisa ba. Wanda ke fitowa a rigar ƙwaƙwalwa sau da yawa tiyata kaɗai ke raba mutum da shi. Likitan da zai cire shi, shi ne zai ceci ɗan kabu-kabun da ya fasa kai a hanyar Katsina, shi ne zai sa wa jariri mai ruwa a kai bututu. Mai duba tsoka a madubin likita, wanda zai ce ƙarin nan na daji ne ko a'a, shi ne zai duba na mama da na bakin mahaifa, waɗanda suka fi addabar matanmu. Ba a horar da mutum don ciwo ɗaya.

Hanyar ma a buɗe take. Tun 2002 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta duniya ke da cibiyar horarwa a Rabat ta Maroko, wadda Farfesa Abdeslam El Khamlichi ya jagoranta, inda tallafin gidauniyoyi ya ɗauki nauyin matasan likitoci daga ƙasashen Afirka baƙar fata na tsawon shekara biyar. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana yaye likitoci a nan Maraɗi. A 2022 Nijar ta shiga rukunin farko na ƙasashe bakwai da hukumar nukiliya ta duniya ta zaɓa don faɗaɗa aikin gasa sankara, kuma na'ura ba ta aiki sai da masanin haske da mai gyara. Tsoron da ake yi cewa wanda aka horar zai zarce Faransa tsoro ne na gaske. Maganinsa yarjejeniyar dawowa, da kayan aikin da zai tarar idan ya dawo, domin likitan tiyata da ba shi da mai sa barci da ɗakin kulawa na musamman ba zai daɗe ba.

Musulmin wasu ƙasashe sun riga mu. Asibitin Shaukat Khanum da aka buɗe a Lahore a 1994 da zakka da sadakar talakawan Pakistan yake tafiya, kuma yana horar da ƙwararru. Asibitin sankarar yara na Alƙahira, wanda ya fara aiki a 2007, sunansa 57357, lambar asusun bankin da jama'a suka riƙa zuba gudummawa. Malamai na iya saɓani a kan ko zakka za ta shiga horar da likita, tun da Alƙur'ani ya ƙayyade mata gida takwas. Wakafi ba shi da wannan tarnaƙi, Nijar kuma ta yi masa doka ta kafa masa hukuma. Asusun ceton ƙasa da aka buɗe a Oktoban 2023 ya tara biliyoyin sefa, abin da ya nuna cewa tara kuɗi a cikin gida ba shi ne matsalar ba.

Don haka kirana ga 'yan kasuwar Maraɗi, da fadar Sarkin Gobir, da limaman Juma'a: a tsayar da wakafi guda, ko shaguna ne ko gidan haya, a rubuta cewa kuɗinsa na horar da 'ya'yan jihar ne a tiyatar ƙwaƙwalwa, duban tsoka, sa barci da jinyar masu sankara, da sharaɗin su dawo su yi aiki a nan. A ware wani kaso don buɗe rajistar sankara ta jiha a babban asibitin Maraɗi, a riƙa karanta wa jama'a lissafin kowace shekara. Ƙwararre ɗaya na cin shekara biyar bayan ya gama karatun likita, saboda haka wanda aka tura bana sai shekara biyar nan gaba zai fara karɓar marasa lafiya.