Ko Ka Sani? Na'urar da ke jiran wuta ta haɗe kafin ta yi aiki

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na lantarki, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, suna da wata na'ura mai ban mamaki: ba ta taɓuka komai sai wuta ta yi shot!

Ga tushen maganar. Ɗan jirgin daga ƙarafan dogonsa biyu yake shan wuta, ɗaya ya kawo, ɗayan ya mayar. To idan aka lanƙwasa layin ya zagayo ya haɗe da kansa kamar zargen igiya, don jirgi ya juyo ba sai an ɗaga shi da hannu ba, sai ƙarfen dama ya ci karo da na hagu. Nan take wuta ta haɗe, komai ya tsaya cak. Shi ya sa ake datse ƙarafan a mashiga da mafitar zagayen. A da, mutum ne ke gadin makunni, yana juya wutar babban layi duk sa'ad da jirgi ya shiga ciki.

Yanzu kuwa, da zarar tayar ƙarfe ta taka wurin datsen ta haɗa ɓangarori biyu da suka saɓa, sai na'urar ta ji wutar ta yi tsalle, ta musanya wayoyin zagayen. Duk wannan cikin 'yan kaso kaɗan daga dubu na daƙiƙa ɗaya, tun babban akwatin da ke ba layin wuta bai farga ya yanke ba. Idan na'urar mai kyau ce, ko fitilar jirgin ba ta ƙyaftawa.

Me ya hana jirgin komawa da baya, alhali an juya masa wuta a ƙarƙashin taya? Tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mai da shi ma'auni a shekarun 1990. A wannan tsari, ɗan guntun kwamfuta da ke cikin kan jirgin ne ke karɓar umarnin gaba ko baya, ba ruwansa da wane ƙarfe ke kawo wuta. Yawancin jiragen kamfanin Märklin ma ciwon kan haɗewar wuta a zagaye bai shafe su ba, domin a tsakiyar dogo yake sa musu wuta.

Haɗa na'urar musanya wutar da 'yar na'urar da ke hango jirgi ta sa ƙaramin inji ya karkata mararrabar dogo, sai jirgi ya wuni yana kai da kawowa ba hannun kowa. A Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jirage da ke Hamburg, wanda aka buɗe a 2001, kwamfuta ce ke tafiyar da jirage a dogon da ya haura kilomita 16. A 2021 ma wani ɗan jirginsu ya shiga kundin Guinness, bayan ya bi layi yana kaɗa kofunan gilashi 2,840 masu ruwa, kiɗa na tashi.

Sharaɗin na'urar musanya wutar ɗaya ne: dole zagayen ya fi jirgin tsawo. In kai ya kai mafita wutsiya na mashiga, shot biyu ne lokaci guda, duk ta inda na'urar ta juya ba ta tsira ba.