Jiƙa Ƙwayoyin Abinci da Sauti Mai Wuce Ji

1. Gabatarwa

Jiƙo shi ne mataki na farko a sarrafa ƙwayoyi da yawa: wake kafin dahuwa ko gwangwani, shanshera kafin turarawa, sha'ir da dawa kafin tsirarwa, masara kafin a cire sitaci. Matsalarsa ita ce jinkiri. A masana'antun sitaci, masara kan kwana ɗaya zuwa biyu cikin ruwa mai zafin kusan digiri 50. Duk tsawon wannan lokaci tankuna a cike suke, ana kashe makamashi, ƙwayoyin cuta kuma suna samun damar yaɗuwa. Wannan maƙala za ta bayyana wata dabara ta rage wannan jinkiri, wato amfani da sauti mai wuce ji, wanda ake kira ultrason da Faransanci.

2. Mene ne wannan sauti?

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya haura girgiza 20.000 a daƙiƙa, wato kilohaz 20. Abin da ya wuce haka shi ake nufi a nan. Ana samar da shi ta hanyar wasu abubuwa masu motsi idan lantarki ya ratsa su, halin da ya samo tushe daga binciken Jacques da Pierre Curie na 1880. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Paul Langevin ya yi amfani da shi wajen neman jiragen ƙarƙashin teku. A sarrafa abinci, galibi ana aiki tsakanin kilohaz 20 da 100, ko dai cikin kwano mai girgiza, ko da sanda da ake tsomawa a ruwan.

3. Yadda yake gaggauta jiƙo

Ruwa ba ya shiga ƙwaya ta ko'ina daidai. A wake mai taurin ɓawo, ta cibiya da ƴar kafar da ke gefenta yake fara kutsawa. Shi ya sa jiƙon kan fara a hankali, ya yi sauri, sannan ya lafa. Sautin yana taimakawa ta hanyoyi biyu.

Ta farko, igiyar sauti tana matse ƙwayar tana sakinta sau dubbai a daƙiƙa, kamar soso a hannu. Wannan yana tura ruwa cikin ƙofofin da ke akwai, yana kuma fitar da iskar da ta toshe su.

Ta biyu, a inda matsi ya ragu, ƴan ƙananan kumfa suna tasowa cikin ruwan, su girma, su fashe da ƙarfi. Fashewar tana harba ruwa kan ɓawo, kuma idan aikin ya daɗe tana buɗe sabbin kafofi a ciki. Wannan hanya ta fi tasiri bayan ƙwayar ta ɗan sha ruwa ta yi laushi.

4. Abin da bincike ya nuna

Masu bincike na Jami'ar Sao Paulo ta Barazil, ciki har da Pedro Augusto da Alberto Miano, sun yi gwaji da yawa. A 2015 an nuna cewa sautin yana gaggauta jiƙon dawa. A 2016, a kan wani ƙaramin koren wake na Asiya, lokacin jiƙo ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tsiron ma ya yi sauri. Wajen kwatanta sakamako, ana yawan amfani da lissafin da Micha Peleg ya gabatar a 1988, sai dai bai dace da waken da ke jinkiri a farko ba.

5. Iyakoki

Dole mai gwaji ya kula da zafi, domin sautin da kansa yana ɗumama ruwa, ɗumi kuma yana gaggauta jiƙo. In ba a tsayar da zafin ba, ba za a san wanne ya yi aikin ba. Haka kuma ƙarfin sautin yana raguwa da nisa, abin da ke wahalar da tafiya daga kwanon ɗakin gwaji zuwa babban tanki.

6. Kammalawa

Dawa da wake suna cikin manyan amfanin gonar Nijar, saboda haka batun ya shafe mu. Amma ruwan ɗumi ma yana rage lokacin jiƙo, kuma ya fi araha. Tambayar da ya kamata ɗalibanmu su auna ita ce: a kan kowane kilo na ƙwaya, awoyin da sautin ya rage sun biya kuɗin na'ura da na lantarki?