Rumbun bayanai: abin da ke bayan lambar NIN

A watan Afrilun 2022 miliyoyin masu wayar salula a Najeriya, daga Legas har ƙauyukan kan iyaka irin su Bugaje a ƙaramar hukumar Jibiya, suka wayi gari an hana su kira. Dalili shi ne ba su haɗa layukansu da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba.

Lambar dai mabuɗi ce ta rumbun bayanai na hukumar NIMC. Rumbun kuwa tamkar littafin bashi ne na ɗan kasuwa, inda kowa ke da layinsa, sai dai kwamfuta kan zaƙulo mutum guda cikin miliyoyi nan take. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya fito da tsarin jera bayanai a jadawali masu alaƙa da juna a 1970.

Irin wannan rumbu ne ke riƙe da rajistar masu zaɓe da lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014.

To amma kwamfuta abin da aka ba ta shi take mayarwa. Idan aka rubuta Mamman a banki, Muhammadu a NIMC, mutum na iya rasa damar taɓa kuɗinsa har sai an gyara.