Ƙas-ƙas a Kwana: Yadda Ake Ɗaura Shaf ɗin Gaba

Duk wanda ya taɓa karya kwana a Golf ko Corolla ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, to kukan shaf ya ji. Masu tsohuwar Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba su san wannan ciwon ba, domin ita tayoyin baya ke tura ta. Yawancin ƙananan motocin yau kuwa tayoyin gaba ke jan su, kuma shaf ne ke kai ƙarfin inji daga akwatin giya zuwa taya.

Aikinsa ba ƙarami ba ne. Taya tana juyawa, tana bin sitiyari, tana faɗawa rami, shi kuma dole ya bi ta duk inda ta yi. Shi ya sa yake da gaɓa biyu. Ta waje, wadda makanikai ke kira kan shaf, galibi ƙwallayen ƙarfe 6 ne a cikinta suna iyo a baƙin giris, dabarar da wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya ƙirƙiro a shekarun 1920. Roba ce kawai ke kare su. Ranar da ta tsage, giris ya watse, ƙura da ruwan damina su shiga, sai yashi ya yi ta cin ƙarfe. Da an leƙa bayan taya an ga giris ya fantsama, da kuɗin roba kaɗai za a kashe.

In har sai an sauya, kada a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka hannu rabbana. A tafi da tsohon, a jera su, a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran bakin biyu. Na dama da na hagu sukan bambanta, haka na mota mai giyar hannu da na otomatik. In motar tana da ABS, kuma zobensa a jikin kan shaf yake, shi ma a ƙirga haƙoransa, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba.

Cirewa ba wuya: a sassauta babban noti, a ɗaga mota a tokare ta da kyau, ba jak kaɗai ba, a kwance bol-join, a zare. Wajen ɗaurawa ne ake gane bakanike. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yaron shago yana dirka wa bakin sabon shaf guduma, ogansa na can yana shan shayi. Wannan duka yana lalata inda noti ke hawa, yana kuma jijjiga ƙwallayen. A hankali ake tura bakin ciki, kada haƙoransa su yagi sil ɗin akwatin giya, har sai ɗan zoben da ke bakinsa ya faɗa gurbinsa an ji ƙat. Sai a ɗan ja gindin gaɓar ta ciki. In ta biyo hannu, bai zauna ba. Man giyar da ya zube kuma a cika shi, da irinsa.

Sai babban noti, wanda shi ne ke matse boris ɗin taya. A motoci da yawa ƙarfin ɗaurinsa ya haura 200 Nm, kuma akwai sifana mai awo domin wannan. Mu nan sai a zura bututu a hau da ƙafa, wai "ya ɗauru, Alhaji". In ya yi sako-sako boris ya tafi, in ya wuce kima ma haka. A sa sabon noti, a danne bakinsa cikin tsagar shaf, ko a zura masa fil in mai fil ne.

Mai mota, kafin ka biya, ka nemi fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka zagaya dama da hagu a hankali, gilas a sauke. Washegari kuma ka duƙa ka duba ƙasa ko mai ya ɗiga.