Ƙananan Tsutsotsi a Cikin Akwatin Kifi: Yadda Za a Gane Su da Abin da Ya Kamata a Yi

Kwanakin baya wani malamin kimiyyar halittu na wata makarantar sakandare ya zo ofishina riƙe da kwalba cike da ruwa. Ya ce akwatin kifi na gilashi da ɗalibansa suka yi wata uku suna kula da shi ya cika da waɗansu fararen tsutsotsi sirara kamar zare. Har ya yanke shawarar ya zubar da ruwan duka, ya wanke tsakuwar da sabulu, sa'annan ya zuba magani. Na roƙe shi ya dakata. Da muka duba ɗigon ruwan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai muka tarar tsutsotsin ba masu cutar da kifi ba ne. Da ya aikata abin da ya yi niyya, da an yi garin neman gira an rasa ido, domin kifayen ne za su mutu.

Wannan ya sa na ga ya dace in yi wa ɗalibai da malamai bayani. Ƙa'idar ita ce, a fara gane irin tsutsar tukuna kafin a nemi magani.

Daga Ina Suke Zuwa?

Mutane da yawa suna zaton ƙazantar ruwa ce take rikiɗewa ta zama tsutsa. Ba haka ba ne. Tun a shekarar 1668 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Francesco Redi ya nuna cewa tsutsar da ake gani a ruɓaɓɓen nama daga ƙwan ƙuda take fitowa, domin naman da ya rufe bai yi tsutsa ba. Haka abin yake a akwatin kifi. Tsutsotsin, ko ƙwayayensu, suna shigowa ne a jikin tsire-tsiren ruwa, ko a cikin tsakuwa da yashin da aka ɗebo daga rafi, ko tare da sababbin kifaye. Da farko ba su da yawa, ba a lura da su. Sai abinci ya yawaita sa'annan su hayayyafa.

Tsutsotsin da Ke Cin Datti

Waɗannan su ne aka fi gani, kuma su ne malamin nan ya kawo mini. Farare ne ko masu ruwan ƙasa, sirara, tsawonsu daga 'yan milimita zuwa kamar santimita 2. Dangin tana ne, wato jikinsu gaɓa-gaɓa yake, kuma akasarinsu suna cikin zuriyar da masana ke kira Naididae. Mazauninsu cikin tsakuwa ne, inda suke cin ragowar abinci da kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye. Ba su taɓa kifi, hasali ma kifaye ne ke cinye su. Da yawa daga cikinsu suna hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu, shi ya sa yawansu yakan ninka cikin ɗan lokaci.

Idan aka ga sun bar tsakuwa suna iyo a tsakiyar ruwa, ko sun hau gilashi, to, ɗayan abu biyu ne ya faru. Ko dai abinci ya yi yawa, ko kuwa iskar oksijin ta yi ƙaranci a ƙasan akwatin. Wannan na biyu ya fi shafarmu a nan ƙasar Hausa, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa. A ma'aunin zafi 20 na santigiret, lita ɗaya ta ruwa tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, amma a ma'auni 30 sai ya koma kimanin 7.5. Saboda haka a lokacin bazara, musamman idan wutar lantarki ta ɗauke famfon iska ya tsaya, tsutsotsi sukan fito fili. Fitowarsu gargaɗi ce cewa kifayen ma suna cikin ƙunci.

Fulaneriya

Wata tsutsar kuma shimfiɗaɗɗiya ce kamar ganye, tana sulalewa a jikin gilashi ba tare da lanƙwashe-lanƙwashe ba. Ana gane ta da kanta mai kama da bakin kibiya, da ɗigo biyu baƙaƙe masu kama da idanu. Sunanta fulaneriya. Ba ta iya yi wa babban kifi mai lafiya kome, amma tana cin ƙwan kifi da ƙananan jatan lande da dodon koɗi. Don haka mai son kifayensa su hayayyafa dole ya rage ta.

Kada a murƙushe ta a jikin gilashi. Dalili kuwa shi ne, idan aka yanka ta, kowane yanki yana iya tsiro da sabon kai da sabuwar jela cikin kimanin mako biyu. A shekarar 1898 masanin nan na Amurka, Thomas Hunt Morgan, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1933, ya nuna cewa ɗan mitsitsin yanki na jikinta yana iya komawa cikakkiyar tsutsa. Hanyar kama ta ita ce a sa ɗan guntun nama a ƙaramar kwalba mai ƙaramin baki, a ajiye a ƙasan akwatin da dare, a cire da safe. Malamai su lura, waɗanda aka kama ɗin nan kayan aiki ne masu kyau na gwaji a aji.

Masu Cutarwa na Haƙiƙa

Alamar tsutsa mai cutarwa ita ce a jikin kifi ake ganinta. Iri uku ne suka fi muhimmanci.

Na farko shi ne Camallanus. Jajayen tsutsotsi ne kamar zare da ke leƙowa daga duburar kifi idan ya tsaya cik. Suna maƙale a hanji suna shan jini, kifi ya yi ta ramewa ko da yana cin abinci. Wannan tsutsa 'yar'uwar kurkunu ce, kuma kamar kurkunu, 'ya'yanta sukan bi ta cikin wani ɗan ƙwaron ruwa mai suna Cyclops kafin su kai ga wanda za su kama. Ba ta kama mutum. Ana maganinta da levamisole, wanda ke shanye jikin tsutsar har ta fita. Bayan haka sai a zuƙe dattin ƙasan akwatin, a sake maganin bayan mako 2 ko 3 domin kashe waɗanda suka rage.

Na biyu shi ne Lernaea, wadda ake gani kamar farin zare a soke a jikin kifi, da ja a gindinta. Ko da yake kama da tsutsa take, a haƙiƙa dangin ƙaguwa ce. Ana cire ta da hantsaki a hankali don kada kanta ya karye a cikin tsoka, sa'annan a nemi maganin da zai kashe 'ya'yanta da ke cikin ruwa.

Na uku shi ne matsattsaku, wanda ake gane shi da tafiyarsa, yana kafa baki yana jawo jela. Shi ma da hantsaki ake cire shi.

Game da ma'aunin magani, a nemi shawarar likitan dabbobi ko jami'in kula da kifi, domin ƙari kaɗan yana iya kashe kifi. Haka kuma maganin fenbendazole da ake kashe fulaneriya da shi yakan kashe dodon koɗi, gawarsu kuma ta ɓata ruwa.

Matakan Gyara

Idan an tabbatar tsutsotsin masu cin datti ne, ba a bukatar magani. Ga abin da za a yi:

1. A rage abinci. A ba kifaye abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana. A makaranta a ɗora aikin a kan ɗalibi ɗaya, domin idan kowa yana zubawa abinci zai yi yawa.

2. A zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa da tiyo zuwa bokiti, a canza kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako.

3. Idan ruwan famfo ne, a bar shi a buɗe kwana ɗaya don kulorin ya fita, ko a sa masa maganin cire kulorin.

4. A ƙara iska, a kuma kawar da akwatin daga inda rana ke dukansa. Idan babu wuta, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama.

5. A cire mataccen kifi da ruɓaɓɓen ganye nan take.

6. A keɓe sabon kifi a wani mazubi na mako 3 zuwa 4 kafin a haɗa shi da sauran.

Me ya sa na hana malamin nan wanke tsakuwa da sabulu? Saboda a jikin tsakuwa da matatar ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Waɗannan bakteriya ne ke mayar da ita naitirait, sa'annan naitiret, wadda cutarwarta kaɗan ce. Idan aka kashe su, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su dawo, a tsakanin nan kuwa amoniya tana iya hallaka kifayen. Sabulun kansa ma guba ne ga kifi.

Gargaɗi ga Ɗalibai

Akwai hatsari ɗaya da ya shafi lafiyarku. Waɗansu irin dodon koɗi na tafkuna da madatsun ruwanmu, musamman Bulinus, suna ɗauke da 'ya'yan tsutsar da ke kawo ciwon tsargiya, wato fitsarin jini. 'Ya'yan nan ba a ganinsu sosai da ido, kuma ta fata suke shiga jikin mutum. Saboda haka kada ku shiga kududdufi ba takalmin roba, kada ku sa dodon koɗin da kuka tsinto a akwatin aji, kuma ku wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki.

Malamin da na ambata ya bi matakan nan, bayan mako uku tsutsotsin suka koma cikin tsakuwa, bai rasa kifi ko ɗaya ba. Ina fata duk wanda ya ga tsutsa a akwatinsa zai fara ɗauko madubi ya duba siffarta da tafiyarta da inda take zaune, ya zana ta a littafinsa, ya kuma tambayi kansa yawan abincin da ake zubawa a ruwan.