Sicario da Hanyar Tiramol

A shagunan tura fina-finai a waya, irin na Nasko da Kontagora, fim ɗin harbe-harbe ba ya kwantai. Sicario na cikin waɗanda suka cancanci a zauna a kalla da natsuwa. Ya fito a 2015, Denis Villeneuve ɗan Kanada ne ya ba da umarni, Emily Blunt kuma ta fito a matsayin Kate Macer, jami'ar FBI da aka cusa cikin wata tawagar sirri mai farautar masu safarar ƙwaya a iyakar Amurka da Meziko.

Duk wanda ya kalla zai tuna shigar ayarin baƙaƙen motoci birnin Juarez, gawarwaki rataye a gada, da ɓarin wutar da aka yi cikin cunkoson motoci a bakin iyaka. Ba ƙari aka yi ba. Bayan Shugaban Meziko Felipe Calderon ya baza sojoji a Disambar 2006, an kashe sama da mutum 3,000 a Juarez a 2010 kaɗai.

Amma ba harbin ne ya fi tayar da hankali ba. Kate ta gano cewa shugabanninta ba kashe kasuwar suke so ba, so suke ta koma hannun gungu ɗaya da za su iya juyawa. Nan fim ɗin ya yi wa sauran irinsa fintinkau.

Tamu safarar shiru take tafiya, cikin kwalaye. Yawancin tiramol daga Indiya yake zuwa ta tashoshin ruwan Legas, Kwatano da Lome, sannan manyan motoci su yo arewa da shi. Hukumar NDLEA ta sha kama kaya a hanyar Jebba zuwa Mokwa, wadda ke bi ta Kontagora da Yawuri har Illela. Masu sha kuwa ba 'yan daba kaɗai ba ne, har da ɗan ƙwadagon da ke son ya wuni yana noma bai ji gajiya ba. Wani bincike na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya.

Hannun manya ma ba a rasa ba. A Janairun 2022, jami'an tsaron Nijar suka kama magajin garin Fachi na jihar Agadas, bayan an samu kilo 214 na hodar iblis a motarsa.