Makauniyar Biyayya ga Shugabannin Siyasa: Darasi Daga Rikicin Santsi da Taɓo

Manufar wannan takarda ita ce a gano abin da ke sa mabiyi ya ƙi amsa cewa ya yi kuskure wajen zaɓen wanda yake bi, ko da kuwa hujja ta bayyana a gabansa.

Dalili na farko shi ne al'adar barantaka, wadda M.G. Smith ya yi bayaninta a littafinsa kan sarautar Zazzau a 1960. Bara yana bin ubangidansa ne don kariya da abin masarufi, saboda haka rabuwa da shi butulci ne a idon jama'a. Da jam'iyyu suka zo, sai aka shigo da wannan dangantaka cikinsu. Idan shugaba ya yi ba daidai ba, sai a ɗora wa na kusa da shi, a ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Na biyu shi ne kunya. Wanda ya yi shekaru yana kare gwaninsa a dandali, har ya ɓata da dangi dominsa, ba ya son a ce ya lashe amansa. Leon Festinger ya nuna a 1957 cewa idan abin da mutum ya yi imani da shi ya ci karo da abin da idonsa ya gani, sau da yawa yakan nemi uzuri maimakon ya sake ra'ayi. Bahaushe ya riga shi faɗa: so hana ganin laifi.

Mu ɗauki misalin jam'iyyar PRP. A zaɓen 1979 ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa. A 1980 saɓani ya shiga tsakaninsu da shugabannin jam'iyyar kan tarurrukan da suke yi da gwamnonin UPN da GNPP. Sai aka rabu biyu: 'yan Taɓo tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi tare da gwamnonin. A ganina, magoya baya da yawa sun ɗauki ɓangare ne bisa wanda suke ƙauna, ba tare da auna hujjar kowa ba, kuma tsoron gori ya hana su ja da baya. An tsige Balarabe Musa a 1981, Rimi ya koma NPP ya sha kaye a 1983, Kaduna kuma ta faɗa hannun NPN. Talakan da aka kafa jam'iyyar dominsa shi ya yi asara.

Daga ƙarshe, shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce mu koya wa ɗalibai bambanci tsakanin riƙon aƙida da biyayyar raƙumi da akala. Mu kuma daina yi wa wanda ya gane kuskurensa gori, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.